Tattakin addu'a kan cin zarafin mata: ta ina ake farawa?

Maman_Ladi
Salama gare ku 'yan'uwa. Kwamitin matan unguwarmu a ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, Kirista da Musulmi, yana shirin tattakin addu'a a cikin kwanaki 16 na yaƙi da cin zarafin mata, daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba. Nufinmu a taka da ƙafa, a riƙa tsayawa zango-zango ana yi wa matan da ake duka da waɗanda aka yi wa fyaɗe addu'a, jama'ar gari su gani su ji. Muna sa ran mutum 200. Masu sani su taimaka mana: wa ake rubuta wa takarda, nisa nawa ya dace, me ake faɗa a kowane zango? Wasu kuma sun ce mu sa baƙaƙen kaya kamar yadda ake yi ranar Alhamis a majami'u.

Fasto_Ishaku
Sannu da ƙoƙari Mama. Baƙaƙen kayan Alhamis suna da tushe. Majalisar Majami'u ta Duniya ce ta raya al'adar, daga shekaru goman da ta keɓe don tsayawa tare da mata, 1988 zuwa 1998. Sun ɗauko darasi daga iyaye mata na Ajantina da suke taruwa duk Alhamis a dandalin Plaza de Mayo suna neman 'ya'yansu da mulkin soja ya ɓatar, da kuma matan Afirka ta Kudu masu baƙar ɗamara da suka yi adawa da wariyar launin fata. Ita kuwa ranar 25 ga Nuwamba, ranar ce aka kashe 'yan'uwa mata uku 'yan gidan Mirabal a Jamhuriyar Dominika a 1960, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 1999. Launin da ake amfani da shi a kwanakin 16 ruwan lemo ne. Kwanakin ba sa rasa Alhamis biyu a ciki, kuna iya haɗa abin biyu.

Malam_Sani_TW
Fasto ya faɗi tarihin daidai, amma a Kaduna kada ku fito jere cikin baƙi daga sama har ƙasa. Duk wanda ya hango ayarin mutane cikin baƙaƙen kaya suna tattaki a wannan jihar, muzaharar Ashura ce za ta fara zuwa masa a rai, kuma ɗan sandan da ke bakin shingen ma haka. Kowa ya san abin da ya biyo bayan rikicin sojoji da 'yan Shi'a a Zariya na Disamban 2015. Ku sa kallabi ko hijabi mai ruwan lemo, ko fari, sannan a maƙala ɗan baƙin ƙyalle a kafaɗa. Saƙon ya isa, ba a kuma buɗe ƙofar mummunar fahimta ba.

Barista_Hadiza
Batun takarda. A doka ba izini ake nema ba, sanarwa ake yi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke wannan tun 2007 a shari'ar Sufeto Janar na 'Yan Sanda da jam'iyyar ANPP, ta ce tilasta neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa tsarin mulki. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuma ta ɗora musu nauyin ba da tsaro idan an sanar da su. Duk da haka jihohi kan sa dokar hana jerin gwano in gari ya yi zafi, don haka a fara bincika ko akwai irin wannan umarni a ƙasa a lokacin.

Takardar ta tafi ga Kwamishinan 'Yan Sanda, kwafi ga DPO na kowane yanki da za ku ratsa, da KASTLEA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar, saboda hanya, da Sibil Difens. A kai ta mako biyu kafin ranar. A rubuta rana, ƙarfe nawa za a tashi, ƙarfe nawa za a watse, sunan kowane titi bi da bi, yawan mutane, da sunaye da lambobin mutum biyu masu alhaki. Ku tafi da kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a kan ɗaya, wannan ita ce za ta kasance a hannun wadda ke gaban ayari. Inda ake yawan samun matsala: an kai hedikwata, ba a kai wa DPO ba, ran tafiya sai ya tare ku ya ce bai san da zancen ba.

SistaRifkatu
Mama, duk wannan yana da kyau, amma ni daga ƙarshe nake so ku fara shiri. Tattaki irin wannan yana sa mata su buɗe baki. A ranar, ko washegari, wata za ta ja ɗaya daga cikinku gefe ta ce abin nan da kuke faɗa shi ke faruwa da ni, ko da 'yata. Idan ba ku da inda za ku kai ta a wannan sa'ar, kun tayar mata da ciwo kun bar ta da shi.

Ga abin da kowace 'yar kwamiti za ta haddace. Maganin kariya daga ƙanjamau bayan fyaɗe, wanda ake kira PEP, dole a fara shi cikin awa 72, kuma kwana 28 ake sha ba tsallake. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har awa 120, amma ƙarfinsa raguwa yake yi kowace rana. Akwai allurar ciwon hanta nau'in B, da ta tetanus in akwai rauni, da magungunan cututtukan sanyi. In da hali kada ta yi wanka kafin a duba ta, kada a wanke kayan da ke jikinta. A naɗe su a takarda ko ambulan, ban da leda, domin leda tana riƙe danshi, danshi kuma yana lalata shaida. Idan ta riga ta yi wanka, a kai ta duk da haka, magani bai dogara da wannan ba.

A jihar Kaduna akwai cibiyoyin Salama da aka buɗe don wannan aiki: a asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, da Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da Gambo Sawaba a Zariya, da asibitin Patrick Yakowa a Kafanchan. Kano tana da cibiyar Waraka a asibitin Murtala, Sakkwato tana da ta Nana Khadija. Mako ɗaya kafin tafiya mutum biyu su je da ƙafarsu su gaida ma'aikatan, su sanar da su ranar, su tambayi wa ke bakin aiki da dare da ƙarshen mako.

Ummu_Khairat
Sista, ba sai an je wurin 'yan sanda an karɓo takarda ba kafin asibiti su taɓa ta? Haka mutane da yawa suka ɗauka.

SistaRifkatu
A'a 'yar'uwa. Asibiti ne farko, saboda agogon awa 72 ba ya jiran kowa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ƙin ba da kulawar gaggawa. Rahoton likita yana nan a ajiye, in ta yanke shawarar kai ƙara daga baya za a same shi. Babbar mace ita ke da ikon cewa za ta je ga hukuma ko ba za ta ba. Ƙaramar yarinya daban ce, wannan dole a sanar da hukuma.

Ɗan_agaji_Kakuri
Bari in shigo da lissafin hanya. Ayarin da ke da tsofaffi da masu goyo ba ya wuce kilomita 3 a awa. Kilomita 4 sun isa, wato minti 80 na tafiya. Zango biyar, kowanne minti 8, ya zama minti 40. Awa biyu ke nan, ku ƙara rabin awa na jinkiri. A tashi ƙarfe 7 na safe, kafin 9 da rabi an gama. Ƙarshen Nuwamba hunturu ya shigo, safiya da sanyi amma iska a bushe take, mutum ba ya jin ƙishi sai ya galabaita. Masu asma su zo da abin shaƙarsu da takunkumi.

Ruwa: leda uku ga kowane mutum, 600 ke nan, a buhu mai guda 20 ya zama buhu 30. Kada a raba duka a farko, a ajiye a zango na biyu da na huɗu da wurin watsewa, a kuma sa yara biyu da buhu suna kwashe ledojin. Mutum 200 bibbiyu sun kai tsawon mita 150, wanda ke baya ba ya jin lasifikar gaba, don haka lasifika biyu da batirin canji. Masu tsare layi ɗaya ga mutum 20, goma ke nan, da riga mai ƙyalli, su tsaya ta ɓangaren da motoci ke wucewa. Mota ɗaya a gaba, bas ɗaya a baya babu kowa ciki, don waɗanda ƙafa ta gaza. A cikin bas ɗin a sa akwatin taimakon farko, ruwan gishiri da sukari, filasta, audugar mata, da ma'aikaciyar jinya.

Abin da ya fi ɓata tattaki shi ne tsinkewar layi a mararraba. Na gaba sun ƙetare, na baya sun tsaya, Keke Napep da babura suka kutsa tsakani. Maganinsa a tsaya kafin kowace mararraba har na ƙarshe ya iso, a tare hanya, a ƙetare a dunƙule. Kuma a bi hanyar da ƙafa kwana biyu kafin ranar, a daidai wannan lokacin na safe, don a ga inda ake lodin mota da inda kwata ta buɗe.

Alhaji_Maikano
Ni fa ban ga dalilin fitar da mata kan titi ba. Addu'a a ɗaki ma Allah yana ji. Matsalar aure kuma a cikin gida ake kashe ta, akwai waliyyai, akwai mai unguwa, akwai liman. In an ce kowace mace ta ɗauki lambar lauya, aure nawa ne zai rage?

Malama_Bilkisu
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Gaskiya ne Allah yana jin addu'ar ɗaki. Amma maƙwabcin da ke jin kuka ta bayan katanga ya yi shiru, shi ne ake so ya ji wannan. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 31 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 an taɓa dukansu ko yi musu rauni tun daga shekara 15, kuma fiye da rabin waɗanda abin ya shafa ba su taɓa neman taimako ko gaya wa kowa ba. Waɗannan ba su isa gaban waliyyi ba balle mai unguwa.

Addini kuma bai ce a rufe ba. Suratul Mujadala ta sauka ne a kan mace, Khaula bint Sa'alaba, da ta kai ƙarar abin da mijinta ya yi mata. Nana A'isha ta shaida cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, matar da ta tabbatar da cutarwa alƙali yana iya raba auren ba tare da ta mayar da sadaki ba. Mata da yawa ba su san wannan ba, sai a tura su hul'i su biya kuɗi bayan su aka cuta. Wannan kaɗai ya cancanci zango guda.

Barista_Hadiza
In ƙara a kan maganar Malama. Baba, sulhu yana da wurinsa: saɓani, rashin cefane, gori, yaji. Fyaɗe laifi ne da hukuma ke tuhuma, mai unguwa ba shi da hurumin kashe shi, kuma kuɗin da ake karɓa a rufe maganar shi ke ba mai laifin damar komawa kan wata yarinyar. Dokar VAPP ta tarayya, wato dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, ta sa ɗaurin rai da rai a kan fyaɗe, mafi ƙanƙanta shekara 12, na taron dangi shekara 20. Dukan abokin aure har shekara uku ko tarar naira 200,000 ko duka biyun. Ta kuma kawo umarnin kariya, wanda kotu ke bayarwa a hana mutum kusantar wadda yake cuta tun kafin a gama shari'a. Ta tarayyar a Abuja take aiki, kowace jiha sai ta yi tata, Kaduna ta yi a 2018, sannan a 2020 ta tsananta hukuncin masu yi wa yara 'yan ƙasa da shekara 14 fyaɗe har da dandaƙa. Don haka duk abin da za ku rubuta a takardar rabawa, ku ɗauko shi daga dokar jiharku, adadin tara da shekaru sukan bambanta.

Alhaji_Maikano
Na ji batun fyaɗe, ban musa ba. Na fitar mata kan titi dai ina nan a kan bakana. In dole ne, limamai da fastoci su shige gaba.

Talatu_Zumunta
A nan kuma ban yarda ba Baba. In malamai maza suka shige gaba suka riƙe lasifika, sai ya koma wa'azin haƙuri, ita wadda aka fito dominta ta koma 'yar kallo. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Mata su ja gaba, Zumuntar Mata ta coci da FOMWAN, ƙungiyar mata Musulmi, kafaɗa da kafaɗa, maza su biyo baya su tsare gefe.

Malam_Sani_TW
Anti Talatu, a ba maza zango ɗaya dai. Mai dukan matarsa ba ya jin maganar mata, amma in limamin masallacin da yake salla ya faɗa a bainar jama'a cewa wannan zalunci ne, zai shiga jikinsa. Kuma a roƙi limaman su yi huɗuba a kai Juma'ar da ta gabaci tafiyar, fastoci su yi ranar Lahadi. Wanda ba zai fito titi ba, kamar Baba Alhaji, saƙon ya same shi a sahu.

Wani abu kuma: akwai Musulmin da za su ce tattaki don addu'a ba shi da asali a sunna. Kada a tsaya jayayya. A rubuta a takardar gayyata cewa tafiya ce ta faɗakarwa, ana addu'a a cikinta, ba wata sabuwar ibada ba ce. Kuma kada a cakuɗa addu'o'in. A kowane zango Musulma ta yi tata, Kirista ta yi tata, kowa ya ce amin a inda ya ga dama. Kada a sa zango a ƙofar masallaci ko coci sai shugabannin wurin sun amince a rubuce.

Fasto_Ishaku
Na goyi bayan Malam Sani. Ga yadda minti 8 na Ɗan agaji za su kasu: minti ɗaya a faɗi abin da zangon ya ƙunsa, biyu a karanta nassi, ɗaya a yi shiru, uku addu'a, na ƙarshe a faɗi inda ake samun taimako. Wannan na ƙarshen a maimaita shi a duk zango, domin 'yan kallon zango na biyu ba su ne na huɗu ba.

Daga Littafi Mai Tsarki, 2 Sama'ila sura 13, labarin Tamar, shi ya fi dacewa, domin a cikin gida abin ya faru, ɗan'uwanta ne ya yi, wani ɗan'uwan ya ce ta yi shiru, uban ya ji haushi bai yi komai ba. Majami'u a Afirka ta Kudu da Kenya sun daɗe suna nazarin wannan sura don buɗe maganar. Sai Kolosiyawa 3:19 ga mazaje. Malama za ta fi ni sanin na Alƙur'ani. Abin da zan roƙi 'yan'uwana masu wa'azi: kada a yi addu'ar Allah ya ba ta haƙurin zama. A roƙa mata tsira da adalci, a roƙa wa mai cutar tuba da ke da alama.

Malama_Bilkisu
Nisa'i aya ta 19 a kan zama da su da kyautatawa, Rum aya ta 21 a kan ƙauna da jinƙai tsakanin ma'aurata, Takwir aya ta 8 da 9 ga zangon yara mata.

Hassana_Maradi
Daga Nijar nake bin ku. In akwai sauran zango, ku tuna da wahaya, matan da ake saye a ajiye a matsayin mace ta biyar ba aure ba sadaki. Nijar ta haramta bauta a dokar 2003, kuma a 2008 kotun CEDEAO, wato ECOWAS, ta ba Hadijatou Mani gaskiya a kan gwamnati don ta kasa kare ta. Ana tsallako da wasunsu Najeriya, abin ya shafe mu duka.

Jummai_Walwala
Ban ga wanda ya taɓo hoto ba, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Kada a tsayar da wadda abin ya faru da ita ta ba da labari a titi, ko da ita ta nema cikin zafin zuciya. Wayoyi ɗari ne a wurin, kafin azahar bidiyon yana WhatsApp ɗin dangin mijinta. In ana son labari, a rubuta shi ba suna ba unguwa, da yardarta, wata dabam ta karanta. Kada a kira sunan wanda ake zargi a lasifika ko a kwali, ƙarar ɓata suna ce za ta biyo baya, ta kuma iya lalata shari'ar da ke gaban kotu. Mai ɗaukar hoton kwamiti ya ɗauka daga baya ko daga nesa, fuskar yara kuwa sam.

Ga wadda aka ja gefe: ki saurara ba katsewa, ki tambaye ta abin da take buƙata yanzu, ki ce mata kin yarda da ita kuma ba laifinta ba ne, ki tambaya ko lafiya za ta kwana a gida yau, sannan ki haɗa ta da masu aikin. Kada ki ce me ya sa ba ki fita ba, kada kuma ki ce fita yau. Lokacin barin gida shi ne mafi haɗari, sai da shiri: inda za ta, kuɗin mota, katin asibiti, takardun yara. In ta ce ya taɓa shaƙe ta, ko ya nuna mata makami, ko ya ce zai kashe ta, ko dukan ya ƙaru tun da ta samu ciki, wannan ba na jira ba ne.

A wurin watsewa a tanadi ɗaki mai ƙofa, nesa da rumfa, mata biyu da aka horar su zauna. Kada a rubuta komai a ƙofar. A ce ɗakin hutawa ne da shayar da jarirai, kowa na shiga, don kada a gane wadda ta shiga da magana.

Ummu_Khairat
To takardar lambobin waya fa? In mijin ya gani a jakarta?

Jummai_Walwala
Shi ya sa ba a yin babbar takarda mai hoton mace da kumburarren ido. Ɗan kati kamar na waya, a sa lambobin tare da na gaggawa 112 da na asibiti, ya zama kamar katin lafiya na kowa. A raba wa kowa har maza, kada a zaɓi wasu. Kowace lamba a kira ta sau biyu kafin a buga, da rana da dare. Lambar da ba a ɗauka ta fi rashin lamba muni, domin wadda ta kira sau ɗaya ba a amsa ba da wuya ta sake.

Maman_Ladi
Allah ya saka da alheri. Saura rana. Wasu na son Asabar don mutane su samu fitowa, wasu Alhamis. Muna kuma so mu miƙa takardar buƙatu ga ma'aikatar jiha da ke kula da harkokin mata.

Barista_Hadiza
In akwai takardar miƙawa, Alhamis. Asabar ofis a rufe, kuma a Disamban 2021 an mayar da zuwa ofis na ma'aikatan jihar kwana huɗu a mako, ban da Juma'a. Buƙatun kada su wuce uku, kowacce da wanda zai yi ta da wa'adi: misali a tabbatar akwai PEP a cibiyar Salama dare da rana, a daina karɓar kuɗi kafin a buɗe fayil ɗin fyaɗe, a faɗi inda mafakar mata take da yadda ake shiga. Ku gayyaci FIDA, ƙungiyar mata lauyoyi, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam su sa hannu tare da ku. Mutum biyar su shiga su miƙa, ba duka ayarin ba.

Ɗan_agaji_Kakuri
Alhamis ƙarfe 7 lokacin kai yara makaranta ne da fitar ma'aikata, titin Kachia da gadar kogi a cike suke. In Alhamis ce, ko dai a bi titunan cikin unguwa, ko a ɗaga zuwa 8 da rabi a rage nisan zuwa kilomita 3 saboda rana. Kuma masu aiki da ɗalibai ba za su samu zuwa ba, lissafin ruwan da na bayar zai ragu.

Talatu_Zumunta
Ni Asabar na zaɓa. 'Yan mata 'yan makaranta su ne aka fi so su ji. A yi tafiyar Asabar, wakilai biyar su kai takardar ranar Litinin.

SistaRifkatu
In Asabar ce, Mama, tambayar da na ce a yi wa cibiyar ta zama wajibi. Wadda ta yi magana Asabar da safe a kan abin da ya faru daren Alhamis, awa 72 ɗinta za su cika daren Lahadi, ba za ta kai Litinin ba. Ku samo sunan ma'aikaciyar da ke aiki wannan ƙarshen makon da lambarta, ku ajiye mota ɗaya da direba da mai a tanki har yamma, kafin ku tsayar da ranar.